Rumfar Iri Don Dashen Wuri

Mai lambun da ya riga kai tumatir kasuwa shi ke yanka kuɗi yadda ya so. Amma irin da aka zuba a watan Agusta, marka kan hallaka shi: ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe.

To, ga dabara. A ta da ƙasa ta yi tudu inci 6, faɗi ƙafa 3, a cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki. A lanƙwasa tsumagu kamar baka, a kakkafa a kai, a rufa asabari. Da safe a ɗage shi iri ya sha hantsi, in ba haka ba sai ya yi tsawo ba ƙwari. Mako 4 ko 5 ya isa dashe, tun maƙwabta ba su zuba nasu ba.