Ƙasa mai haja ɗaya

Manomi mai dabara ba ya shibka hatsi kaɗai. Yakan sa dawa da wake. In hatsi ya ƙi, wake ya rufa asiri. Ƙasa ma haka take. In abu ɗaya take saidawa waje, ranar da kuɗinsa ya faɗi, kowa sai ya ji a jikinsa. Mu duba labarin Nijar.

Lokacin da aka samu mulkin kai a 1960, gujiya ce babbar hajarmu. Manoman Maraɗi da Damagaram na noma ta, kamfanin SONARA na fidda ta zuwa Faransa. Sai fari ya zo, daga 1968 har 1974. Ciwo kuma ya faɗa ma gujiya a 1975. Cinikin ya mutu.

Ana cikin haka aka fara haƙo uraniyom a Arlit, a 1971. Ƙarfe ne da Turawa ke yin wutar lantarki da shi. Kuɗinsa ya hau ƙwarai. Kafin 1980, wajen kashi 3 cikin 4 na kuɗin da ƙasa ke samu daga waje, nasa ne. Zamanin Seyni Kunce aka soke lanho na kai. Aka yi hanyar kwalta daga Tawa zuwa Arlit. Aka gina manyan gidaje a Yamai. Gwamnati ta ɗauki ma'aikata da yawa, ta kuma ci bashi.

To amma ba mu ke yanke kuɗin uraniyom ba, masu saye ke yankewa. Bayan 1980 suka rage saye, kuɗi ya faɗi. Shi ko bashi yana nan, albashi ma kowane wata sai an biya. Dole a 1983 Nijar ta nemi taimakon asusun FMI, aka ce a rage kashe kuɗi. Cikin shekarun 1990 ma'aikata sun yi watanni babu albashi. In malami bai samu albashi ba, mai tuwo da mai nama ba su yi ciniki. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, magani da kayan waje suka yi tsada.

Yanzu ga man fetur. An buɗe matatar Damagaram a 2011. A 2024 aka fara tura mai ta bututu daga Agadem zuwa bakin teku a Benin. Shi ma kuɗinsa hawa yake, yana sauka. Kuma abin da ke cikin ƙasa ƙarewa yake: ramin uraniyom na Akokan an rufe shi a 2021.

Mi ne ne magani? Na farko, shekarar da aka samu, a aje wani abu, kamar yadda mai gida ke rufe rumbu don bazara. Na biyu, a sa kuɗin cikin noman rani, da kiwo, da karatun yara. Albasa da wake da bisashe su ma haja ce. Na uku, talaka ya san nawa ya shigo, kuma ina aka kai shi. Wanda ya iya karatu da lissafi shi ke iya tambaya.

Tambayoyi
1. Mi ya kashe cinikin gujiya?
2. Wa ke yanke kuɗin uraniyom?
3. A garinku, in damina ta ƙi, da mi kuke dogara?