Tsohuwar Giwa, Ma'ajin Garke

Duk wanda ya sayi ɗan akwatin ajiya na gida, irin na Synology ko QNAP mai cin faifai biyu ko huɗu, ya ce zai ɗora masa rumbun bayanai da manhajar buɗe shafin intanet, da wuya ya gama aikin bai yi kiciɓis da giwa ba. Ita ce tambarin PostgreSQL, manhajar rumbun bayanan da aka aza harsashinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, ita ce kuma dabbar da masu rubuta manhaja da harshen PHP suka ɗauka tun 1998. Mutanen PostgreSQL sun zaɓe ta ne saboda shaidar da aka yi mata cewa ba ta mantuwa, kuma ban ga laifin zaɓin ba.

Mu Hausawa girmanta muka fi gani. Sawun giwa ya take na raƙumi. Basarake toron giwa ne, uwargidansa giwar sarki. Tarihin Kano ma da zai kambama Barbushe, cewa ya yi yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Girman kam akwai shi: toro yakan kai tan 6, uwa takan yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa mai kilo kusan 100. Amma a tatsuniya Gizo ya ba ta bakin igiya, ya ba dorina ɗaya bakin, suka wuni suna jan juna, kowacce na zaton da Gizo take ja. Nan tatsuniya ta ci alhakinta, domin dabbar da ƙwaƙwalwarta ta kai kilo 5 ba ƙarfi kaɗai ta tara ba.

A dube ta a busasshen rafi da rani. Takan tsaya a kan yashi, ta tona da ƙafa da haure, ta zura hanci mai leɓe biyu a ƙarshensa, ta jira ruwa ya tsattsafo, ƙananan na tsaye a gefenta suna kallo. Garken na mata ne da 'ya'yansu. Maza sukan fice in sun tasa. Jagora ita ce wadda ta fi shekaru. Binciken da Karen McComb ta yi a Amboseli ta Kenya, wanda ya fito a 2001, ya nuna cewa garken da tsohuwa ke ja ya fi iya bambance kukan giwayen da ya sani da na baƙi. A gandun dajin Tarangire na Tanzaniya kuwa, a farin 1993, garkunan da ke da tsofaffin jagorori, waɗanda suka riski farin 1958 zuwa 1961, sun fice daga gandun neman ci da sha, kuma 'ya'yansu sun fi tsira. Garken da ya zauna, jagorarsa ba ta kai shekarun tuna wancan fari ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Sai dai ilimin nan a kai ɗaya yake zaune, kuma a nan ya kamata mai akwatin ajiya ya tsaya ya yi tunani. Ya zuba hotunan iyali, lissafin shago da takardun gida a wuri guda. PostgreSQL na da kyakkyawar ɗabi'a: kafin ta taɓa bayani sai ta fara rubuta abin da za ta yi, shi ya sa in an ɗauke wuta takan farfaɗo. Faifai biyu masu kwafar juna kuma suna maganin mutuwar ɗayansu. Amma abin da ka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take, tsawa da ɓarawo kuwa akwatin gaba ɗaya suke ɗauka. Maganin bai da tsada. Ka riƙa fitar da kwafi da pg_dump, kayan aikin PostgreSQL na kwafe bayanai, ka kai shi wani faifai a wani gida, ka kuma gwada mayar da shi tun kana cikin kwanciyar hankali.

Giwa ba ta da wannan gata. Abin da ta sani, sai ta yi shekaru tana tafe da 'ya'yanta kafin ya shiga kansu, mafarauci kuwa mai dogon haure yake nema, wato tsoho ko tsohuwa. A Zakouma ta Chadi, giwaye sama da 4,000 a 2002 sun koma kimanin 450 a 2010. Na san manomin da garke ya shiga gonarsa dare ɗaya ba zai ji daɗin wannan yabo ba, kuma haƙƙinsa ne hukuma ta dube shi. Duk da haka 'yan da suka rage mana a Yankari amana ce. Kada mu sayi abin da aka sassaƙa da haure, ko da ɗan awarwaro ne.