Yaƙi ya haifi Ajaokuta, amma rodin Gwarinpa daga tsofaffin ƙarafa yake

ABUJA — Rodin da magina ke saye a kasuwar Dei-Dei domin aiki a Gwarinpa, yawancinsa daga tsofaffin ƙarafa ake narko shi a masana'antun 'yan kasuwa. Ko sanda guda ba ta taɓa fitowa daga babban tanderun narka tama na Ajaokuta ba.

Tushen wannan kamfani yana cikin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da Amurka ta ƙi sayar da makamai, Ingila kuma ta hana jiragen yaƙi, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta juya ga Tarayyar Sobiyet, ta samo jiragen MiG-17. Wannan abota ta filin daga ita ce ta rikiɗe ta zama ta ƙarfe. A 1971 aka kafa Hukumar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa, masu bincike suka gano tama a Itakpe, sa'an nan a 1979 aka ba kamfanin Tyazhpromexport kwangilar gina Ajaokuta, wanda aka tsara zai riƙa samar da tan miliyan 1.3 a shekara.

Gwamnati ce ta riƙe wuƙa da nama. Ta buɗe kamfanin Aladja a 1982, ta gina masana'antun murza rodi a Katsina da Jos da Oshogbo, kowace mai ƙarfin tan 210,000, duk suna jiran curin ƙarfe daga Aladja. A nan gizo ke saƙar: da kuɗin mai suka ja baya, Naira ta faɗi daga 1986, Aladja ya kasa cika musu buƙata, injinan ukun suka riƙa kwana ba aiki. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991. A 1994 an ce aikin Ajaokuta ya kai kashi 98 cikin 100, amma da gwamnatin Janar Sani Abacha ta gina rukunin gidajen Gwarinpa, tanderun na nan a sanyaye.

Daga baya an sayar da masana'antun ukun. A 2022 Nijeriya ta amince da biyan kamfanin Global Steel dala miliyan 496 domin kashe rikicin jinginar Ajaokuta, kuma a shekarar ministan ma'adinai Olamilekan Adegbite ya ce yaƙin Rasha da Yukren na cikin abubuwan da suka tsayar da farfaɗo da shi.

Yanzu 'yan gwangwan ne ke ciyar da masu narka, gwamnati kuwa ta haramta fitar da tsofaffin ƙarafa ƙasashen waje don kada masana'antun gida su rasa abin zubawa a wuta.