Me Ya Hana A Ƙwace Bom Ɗin Koriya Ta Arewa?

Makon jiya ina koyar da Labarin Ƙasa a makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa, sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, tun da Amurka ta fi Koriya ta Arewa ƙarfi, don me ba ta ƙwace bom ɗinta ba?" Na yi tsuru-tsuru. Da na komo kwaleji na shiga laburare na bincika. Ga abin da na samo, ko ya amfani 'yan'uwana ran da aka yi musu irin wannan tambaya.

Cikin 1968 aka fara sa hannu a wani alkawari, cewa kada wata ƙasa ta ƙera bom na nukiliya ban da biyar ɗin da su ke da shi, watau Amurka, Rasha, Ingila, Faransa da Sin. Koriya ta Arewa ta shiga a 1985, ta fice a 2003. Daga 2006 zuwa 2017 sau shida ta gwada nata. Abin tsoro shi ne ta harba, ko ta sayar wa wadansu, ko kuwa maƙwabtanta su ce su ma sai sun ƙera.

Dabarun soja biyu ne. Ta fari, a kai hari tun abu bai nuna ba, kamar yadda Isra'ila ta rushe injin nukiliya na Iraƙi a 1981. Amma Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, bai wuce mil 35 daga iyaka ba, igwa ma tana kaiwa. Makaman kuwa an ɓoye su cikin ramukan duwatsu. In ɗaya ya kuɓuta, ai birni guda ya tafi.

Ta biyu ita ce razanarwa. Amurka ta girke soja wajen 28,500 a Kudu, ta kuma sanar cewa wanda ya harba, ramuwa za ta hallaka shi. To, amma kar ta san kar. Shugabannin Arewa sun ga Gaddafi na Libiya ya bar shirin nasa bom a 2003, a 2011 aka tumɓuke shi. Saboda haka suka riƙe nasu gam.

Ashe zaman lafiyar nan a kan tsoro ya ke tsaye, kuskuren mutum ɗaya kuwa ya isa ya rushe shi. Ran Litinin zan gaya wa yaron nan cewa ƙarfi bai kasa ba, barnar da za ta biyo baya ita ce kowa ke gudu.