Tsohuwar Waya da Jiran Sabuntawa: Abin da Ya Kamata Magidanta da Ɗalibai Su Sani



Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, farashin wayar salula ya yi tashin gwauron zabi. Magidancin da a da yake sauya waya duk bayan shekara biyu, yanzu ya koma lallaɓa wadda ke hannunsa. Ɗalibi kuwa galibi ta yayansa ko ta mahaifinsa yake gada. A cikin wannan tsohuwar waya ne asusun bankin gida yake, da karatuttukan malamai da aka naɗa, da littattafan makaranta, da hotunan iyali. Saboda haka ya dace mu san yadda za mu ja kwananta, mu kuma san ranar da riƙe ta zai koma haɗari. Amsar tambayoyin biyu tana tattare da saƙon nan da da yawa daga cikinmu ke jira, wasu kuma suke tsoro, wato saƙon sabunta manhajar waya.

Me ya sa sabuntawa ke jinkiri?

Sau da yawa mukan ji cewa sabon Android ya fito, mu duba wayarmu mu ga shiru, wata da watanni. Dalili shi ne hanyar tana da zango da yawa. Kamfanin Google ne ke fitar da ainihin manhajar. Daga nan masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su Qualcomm da MediaTek da Unisoc, za su daidaita ta da kayansu. Sai mai wayar ya ɗora nasa adon a kai: Samsung yana da One UI, Tecno tana da HiOS, Infinix kuma XOS. Bayan gwaji sai a riƙa sakin ta kashi-kashi, ƙasa bayan ƙasa, domin idan an gano matsala a dakatar kafin ta game duniya. Shi ya sa maƙwabta biyu masu waya iri ɗaya, ɗaya zai samu yau, ɗaya sai bayan makonni. Kamfanin Apple bai cika fuskantar wannan jinkiri ba, domin shi ke tsara wayar iPhone da ƙwaƙwalwarta da manhajarta, sai ya saki sabuntawa ga kowa a rana ɗaya.

Google ya yi ƙoƙarin rage tsawon hanyar. A 2017 ya ɓullo da shirin Treble, wanda ya raba ainihin Android da sashen masu ƙera ƙwaƙwalwa. A 2019 kuma, tare da Android 10, ya fara aika gyaran wasu sassa kai tsaye ta hanyar Google Play ba tare da jiran mai wayar ba. Jinkirin ya ragu, sai dai har yanzu babbar sabuntawa tana hannun kamfanin da ya ƙera wayar.

Sabuntawa iri biyu ce

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Akwai sabuntawar da ke ɗaga waya daga wannan Android zuwa na gaba, ta zo da sabon fasali da sababbin launuka. Wannan ana iya jiranta cikin natsuwa, kuma rashin ta ba ya hana waya aiki. Akwai kuma facin tsaro, wanda aikinsa toshe ƙofofin da masu kutse ke bi su shiga waya. Idon mai waya ba ya ganin wani sauyi bayan an saka shi, amma shi ne mai muhimmanci.

Tarihinsa ya nuna haka. A watan Yulin 2015 masu bincike suka bayyana wata ɓaraka da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta hanyarta saƙon bidiyo guda ɗaya zai iya buɗe wa ɓarawo waya ko da mai ita bai taɓa saƙon ba. An ƙiyasta cewa wayoyi kusan miliyan 950 ne abin ya shafa. Daga watan Agustan shekarar ne Google ya fara fitar da facin tsaro duk wata. Kowa zai iya duba nasa: a shiga wurin saiti, a nemi bayanin waya, za a ga kwanan watan facin ƙarshe da ta karɓa. Idan ya haura shekara guda, kuma an nemi sabo ba a samu ba, alama ce mai ƙarfi cewa kamfanin ya yaye wannan wayar.

Wa'adin da kamfanoni ke ɗiba

Kowace waya tana da wa'adin da mai ita ya ɗiba mata, kuma a 'yan shekarun nan wa'adin ya fara tsawo. A watan Oktoban 2023 Google ya yi alkawarin shekara 7 ga wayar Pixel 8, Samsung kuma ya bi sahu a watan Janairun 2024 da Galaxy S24. Tarayyar Turai ta mayar da batun doka: daga ranar 20 ga Yunin 2025, wayar da za a sayar a ƙasashenta dole ta samu sabuntawa na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurinta, kayan gyaranta su samu har shekara 7, batirinta kuma ya jure cikakken caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa.

Wannan doka ba ta hau kan kasuwarmu ba, kuma yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke hannun jama'a wa'adinsu bai kai haka ba. Don haka duk wanda zai shiga Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, bayan tambayar kyamara da girman ma'adana, ya binciki shekarar da samfurin ya fito da shekarun da aka yi masa alkawari. Mai sayen wayar gwanjo ya fi kowa buƙatar wannan, domin ana ƙirga wa'adin ne daga fitowar samfurin, ba daga ranar da ya biya kuɗi ba.

Batiri ne ke fara gajiya

Galibin abin da muke kira tsufan waya, tsufan batiri ne. A watan Disamban 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin wayoyinsa domin kada su riƙa mutuwa farat ɗaya saboda raunin batiri, kuma a Fabrairun 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 kan rashin sanar da masu saye. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne, wayar da ta yi nauyi sau da yawa sabon batiri take nema, kuma kuɗinsa bai kai kusa da na sabuwar waya ba.

Babban makiyin batiri zafi ne. Apple da kansa ya shawarci a yi amfani da wayarsa a yanayin da bai wuce maki 35 a ma'aunin Selshiyos ba, alhali a Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura 40. Kada a bar waya a rana ko a cikin mota a rufe, kada a yi caji a ƙarƙashin matashi, kuma a rage kallon bidiyo tana kan caji. Ya fi kyau kada a bari ta mutu ƙurmus kafin a jona ta. Wayoyi da dama yanzu suna da saitin tsayar da caji a kashi 80, wanda ke ƙara wa batiri kwana ga mai samun wuta a kai a kai. A guji caja marar inganci, musamman a kan janareta. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi kuwa, a kai wa mai gyara nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Sai ma'adana. Wayar da ta cika maƙil takan yi nauyi, kuma takan kasa karɓar sabuntawa. Bidiyoyin da ke shigowa daga zaurukan WhatsApp su ne kan gaba wajen cika ta, don haka a kashe saitin da ke sauke su da kansu, a goge manhajojin da ba a amfani da su. Kafin kowace babbar sabuntawa a adana lambobi da hotuna a wani wuri, a tabbata akwai isasshen caji da data.

Ranar da za a haƙura

Waya takan ci gaba da kunnuwa bayan an yaye ta, amma ƙofofi sukan fara rufewa. Daga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da ba su kai Android 5 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da iPhone 6. Manhajojin bankuna ma sukan bi wannan hanya. A irin wannan lokaci ne wasu ke faɗawa tarkon sauke manhajojin jabu irin su GB WhatsApp, ko wani fayil da aka turo da sunan sabuntawa. Sabuntawa ta gaskiya ta cikin saitin waya take zuwa ko ta Google Play, ba ta saƙon wani baƙo ba.

Shawararmu ita ce a raba aiki. Wayar da ta daina karɓar facin tsaro a cire mata asusun banki da sirrin iyali, a bar mata karatu da sauraren darasi da kira, ayyukan da za ta iya yi na shekaru. Idan za a sayar ko a bayar, a fita daga dukkan asusu a kuma wanke ta tas.

Malaman usulu, irin su Imam Ghazali da Imam Shaɗibi, sun lissafa kare dukiya cikin manyan manufofi biyar na Shari'a. Yar da waya mai lafiya don kawai sabuwa ta fito almubazzaranci ne, musamman a duniyar da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, wanda ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu ne aka tabbatar an sake sarrafawa. Barin kuɗin iyali a cikin wayar da ƙofarta ke buɗe kuma sakaci ne da amana. Mataki na farko ba ya cin ko kwabo: kowane magidanci ya karɓi wayoyin gidansa yau, ya duba kwanan watan facin tsaron kowace.

Allah Ya yi wa dukiyarmu albarka, Ya tsare mu daga sharrin 'yan damfara. Amin.