Ƙarin Wuta Ba Ya Ƙara wa Tafasasshen Ruwa Zafi

Akwai fahimtar da ta zauna daram a ɗakunan girkinmu a nan Suleja, daga masu murhun itace har masu gas: wai idan tukunya ta tafasa kuma ana sauri, sai a iza wuta, ruwan ya ƙara zafi, wake ko ƙafar saniya su nuna da wuri. Masu wannan ra'ayi ba da ka suke magana ba. Sun ga wuta mai ƙarfi ta fi saurin tafasa ruwan sanyi, kuma haka ne. Sun ga tukunya na zaɓalɓala, murfi na rawa, tururi ya turnuƙe, ido ya ce musu aiki na tafiya. A garin da ɗimbin jama'a ke sammakon neman motar Abuja, ba za a ga laifin uwargidan da ta ƙara wuta don ta sallami maigida da yara ba.

Sai dai ma'aunin zafi bai goyi bayan ido ba. Tsoma shi cikin ruwan da ke kan wuta, za ka ga yana hawa: 40, 60, 80. Ruwan na tafasa sai ya tsaya cak. A Legas, bakin teku, yana tsayawa a digiri 100. A Suleja, da yake mun fi teku tudu, tsakanin 98 da 99 yake tsayawa, a Jos kuwa wajen 96. Ƙara itace, buɗe gas har ƙarshe, ba zai gusa ba. Abin da ke dafa wake shi ne matakin zafin ruwan da tsawon lokacin da waken ya yi a cikinsa. Tukunyar da ke tafasa a hankali da wadda ke ambaliya a kan murhu, matakin zafinsu ɗaya.

Za a ce: to ina zafin da aka ƙara ya tafi? Bai ɓace ba, tururi ne ya kwashe shi. Masani Joseph Black ya bayyana wannan a birnin Gilasgo wajen shekarar 1761: mayar da ruwa tururi na cin zafi mai yawa ba tare da ma'auni ya motsa ba. Yawan kuwa ba kaɗan ba ne. Zafin da ake bukata a ƙafar da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa ya kai wajen ninki bakwai na wanda ya ɗaga ta daga digiri 25 zuwa tafasa. Ke nan gas ɗin da aka saya da tsada, da gawayin da aka ɗauko daga Kasuwar IBB, suna bin iska ne ta gefen murfi. Daga nan ruwa ya ƙone, a ƙara na sanyi, tafasa ta tsaya, girkin da ake wa gaggawa ya koma baya. Wannan asarar ce ta fi damuna, domin gidajen da ke ƙirga kuɗin cefane ita ta fi ci.

Mutanen garinmu Suleja, inda Ladi Kwali ta yi aikin tukwane tun 1954, a cibiyar da Michael Cardew ya kafa, ba baƙin wannan ilimi ba ne. Me ya sa ruwan randa ke sanyi ko a watan Maris? Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, ya bushe a iska, ya tafi da zafin na ciki. Dokar da ke sanyaya randa ita ce ke hana tafasasshen ruwa wuce matakinsa.

Wani zai kawo hujja da mai ƙosai: ai tana ƙara wuta, suya ta yi sauri. Gaskiyarsa. Mai ba ya tsayawa a 100, ana suya da shi a wajen digiri 180, don haka wuta na sauya zafinsa sosai. Haka mai son miya ta yi kauri, ƙafar da ruwa take nema, wuta mai ƙarfi ta dace da ita. Amma waɗannan ba su shafi wake ko nama da ke nutse cikin ruwa ba.

Mai sauri yana da hanyoyin da suka fi iza wuta. A sa wuta sosai har tukunya ta tafasa, sannan a zare itace ko a rage gas, a bar ta tana ɗan motsi, a rufe da murfi mai kama baki. A jiƙa wake tun dare. 'Yar kanwar da iyayenmu mata ke jefawa tana tausasa shi da gaske. Wanda kuma ke son ruwan kansa ya wuce digiri 100, sai ya hana tururi fita. Aikin tukunyar nan mai kulle ke nan, wadda ke fito idan ta ɗau zafi, da Bafaranshe Denis Papin ya ƙera asalinta a 1679. Matsin tururi a cikinta na kai ruwa wajen digiri 120, shi ya sa ƙafar saniya ke laushi a cikinta tun ta buɗaɗɗiyar tukunya ba ta yi nisa ba. Sharaɗinta ɗaya: kada a buɗe ta sai matsin ya sauka gaba ɗaya.