Daga Yamai zuwa Damagaram: hanyar sama da hanyar ƙasa

Idan jirgin sama ya gifta bisa gonaki, manomi ya kan ɗaga kai ya ce: wannan ya rage nisan ƙasa. To, nawa ya rage?

Daga Yamai zuwa Damagaram, idan an bi babbar hanyar mota mai lamba 1, tafiyar kilomita 890 ce ko kusa da haka. Jirgin da ya miƙe sak ba tsayawa yana cin kamar kilomita 740. Ke nan abin da ya rage bai wuce kilomita 150 ba.

Dalili shi ne hanyar mota tana bin garuruwa. Daga Yamai ta kan gangara kudu maso gabas zuwa Doso. Sai ta hau zuwa Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Galmi da Madawa. Daga nan ta sake gangarawa Maraɗi, ta bi Tasawa, kana ta shiga Damagaram. Kowane lanƙwasa ƙarin tafiya ne. Jirgi kuwa ba ruwan shi da dutse ko gulbi.

Amma babban bambanci yana ga gudu. Jirgi mai farfela yana cin kilomita 450 cikin awa guda, saboda haka bai cika awa 2 ba ya sauka. Motar da ke cin kilomita 70 a awa tana bukatar kusan awa 13, ban da tsayawar salla da cin abinci. Mai tafiya a ƙasa da ke cin kilomita 30 a wuni, sai ya yi wata guda. Damagaram ce babban birnin ƙasa har shekarar 1926, lokacin da aka mai da shi Yamai. A wancan zamani tafiyar nan ta makonni ce.

An kafa kamfanin Air Niger a shekarar 1966 don haɗa manyan garuruwan ƙasa. A 2014 kamfanin Niger Airlines ya soma jigila da jirgi Fokker 50, mai ɗaukar mutum kamar 50.

Jirgi yana da rana. Marar lafiya da ba zai jure wuni guda cikin mota ba, ko magani na gaugawa, jirgi ya fi dacewa da su. Sai dai kuɗin shi ya fi ƙarfin talaka, kuma ba ya sauka kasuwar ƙauye. Albasar Galmi, waken Tasawa, ragunan Maraɗi da buhunan hatsi, duka hanyar ƙasa suke bi. Kilomita 150 ɗin nan da jirgi ke tsallakewa, su ne ke kai mota ƙofar manomi. In hanya ta lalace da damina, kuɗin ɗaukar buhu ya kan hau, kuma manomi ne ke biya.

Don haka ya kamata mutanen karkara su kula da hanya. Kada a yi noma har bakin kwalta, kada a toshe magudanar ruwa. Makiyaya da ke kusa da filin jirgi kuma su tsare bisashen su nesa da shi. Saniya guda a kan filin sauka tana iya jawo asarar rayuka masu yawa.